Alayyahun Alwala

A unguwannin bayan ganuwar Daura, idan ka ce kana neman Audi mai lambu, sai an ɗan yi tunani kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Malam Audi Israfi, ko matan da ba sa fita sun san shi. Malantar tasa ba ta karatu ba ce, don Audi bai wuce izu biyu ba. Laƙabin a bakin famfon masallaci ya samo shi, kuma daga shi sai matarsa Haulatu suka san abin da ya kai shi tsayuwa a wurin.

A lambu Audi ya buɗe ido. Kakansa yana da fili a wani ɗan kwari da ke gangaren unguwa, inda rariyoyin gidaje ke zubo ruwan wanka da na wanke-wanke su haɗu a kwata guda. Tsohon ya taɓa gwada haƙa rijiya a wurin ya tarar da dutse, sai ya haƙura, ya karkato kwatar cikin filinsa, ya ja komaye, ya zuba alayyahu da salak da yakuwa. Da ya rasu aka raba gado, mahaifin Audi ya samu kashi biyu, wato kwarin da kwatarsa. Ƙanwarsa, goggon Audi, ta samu kashi ɗaya, wani faƙo mai tsakuwa a can sama, wanda ko akuya ta hau sai ta sauko da yunwarta. Faƙon nan shi ɗanta Isyaku ya gada.

Audi da Isyaku ke nan taubasai, ɗan namiji da ɗan mace, kuma sa'o'in juna. Tun suna yara Audi ke ce masa "bawana", shi kuma ya amsa da "ubangidana", kamar yadda wasan ya gada. Ga Isyaku wasa ne kawai. Ga Audi kuwa, kalmar tana da ɗan zaƙi a ƙasan harshe, domin ta yi daidai da yadda abubuwa suke. Shi ne mai lambu, mai keke, mai kai ganye kasuwa da sassafe. Isyaku rake yake sayarwa a tashar motar Katsina, yana fere wa fasinjoji, ya dawo gida da ƙuda a bayan riga. Ran da alayyahu ya yi kwantai, Audi yakan aika da dami gidan Isyaku, ya kuma tabbata an aika da shi lokacin da mutane ke zaune a ƙofar gida. Yana son Isyaku, wannan ba ƙarya ba ne, amma a inda yake yake son sa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wani attajirin unguwa ya gina masallaci a can sama da faƙon, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora tanki, ya jera famfuna a gindin katanga. Lokacin kowa ya ɗauki salla da zafi. Masu shayi suna rufe tebur, 'yan acaɓa suna jingine babura, har waɗanda a da sai ran Juma'a ake ganin goshinsu a ƙasa suka zama 'yan sahun gaba. Sau biyar a rana ruwan alwala ke malala ta bayan katanga, kuma ba shi da wurin zuwa sai faƙon Isyaku. Da farko taɓo ya yi, sauro ya samu gida. Sai wata rana Isyaku ya lura ciyawa ta fito kore shar a inda ba a taɓa ganin ta ba. Ya ari fartanya, a wurin Audi ma ya are ta, ya ja komaye uku.

Audi da kansa ya koya masa yadda ake yafa iri, yana dariya. "Bawana zai yi lambu. To Allah Ya sa kada ka shuka rake a kife."

Kafin shekara biyu dariyar ta ɗauke. Ruwan masallaci ba sabulu a cikinsa, ba toka, ba maiƙon tukunya, ganyen Isyaku ya fito da faɗi kamar tafin hannu. Amma ba faɗin ganyen ne ya kashe Audi ba, suna ne. Wata tsohuwa mai dafa wa masu jego ta aika a sayo mata "alayyahun alwala", ta ce ruwan da ya wanke fuskokin masallata ba zai rasa albarka ba. Shi ke nan suna ya bi gari. Mai ciki alayyahun alwala, mai jinya alayyahun alwala, har daga Zango akan aiko ɗan acaɓa. Kuma tunda an samu na alwala, dole ɗayan ya samu nasa sunan. Shekara da shekaru mutane suna cin ganyen gidan su Audi ba wanda ya tambayi ruwan da ya sha, sai ga shi rana tsaka ya zama "na kwata".

Ran da Audi ya fara jin kalmar da kunnensa, a kasuwa ne. Wata mata ta ɗaga daminsa ta sansana, ta tambaye shi, "Malam, wannan na alwala ne ko na kwata?" Audi ya ce mata ganye ganye ne. Ta ajiye a hankali, ta wuce rumfar Isyaku. Ya bi ta da kallo har ta ƙulle ganyen a gefen mayafi. Abin da ya taso masa a ƙirji ran nan ƙyashi ne tsantsa, kuma bai sake sauka ba.

Abin haushin, ba shi da hanyar da zai nuna. Taubashi ba ya zagin taubashi a ji zafi. In ya haɗu da Isyaku ya ce masa, "Kana sayar wa mutane majinar masallata da kurkurar bakinsu," yana faɗa har jijiyar wuyansa na tashi, sai Isyaku ya ƙyalƙyale da dariya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ubangidana ke nan, bakinka ya fi barkono." In ya ce, "Allah Ya sa tankin nan ya fashe," jama'a su yi dariya, Isyaku ya fi kowa. Duk maganar da Audi ya faɗa da gaske, wasa aka ɗauke ta. Mutum ya zuba dafi a ce masa ya iya barkwanci, wannan ma wata azaba ce.

Sai ya koma ga abin da yake iyawa. Ya daina alwala a masallacin. Kafin kowace salla yakan ɗauki butarsa ya gangara lambunsa, ya tsuguna a bakin komi, ya yi alwalarsa a kan nasa alayyahun, sannan ya hau zuwa jam'i. Ya rantse a ransa ko ɗigo ɗaya na jikinsa ba zai shiga lambun Isyaku ba. Haulatu ta gane tun a makon farko, don mace ce mai ido.

Ta ce masa, "Malam, yanzu ruwan buta ɗaya ne zai tsiyata Isyaku?"

Ya ce, "Ke dai ba ruwanki."

Ta ce, "Ai kuwa ba ruwana, kai ne mai ruwa. Amma an ce hassada ga mai rabo taki ce, ga shi kuwa mai lambu kake yi wa."

Dabarar da ta fi wannan, Liman Sada ne ya ba shi ita ba da saninsa ba. Wata Juma'a limamin, dattijo mai sanyin murya, ya yi wa'azi a kan israfi, ya ce ɓarnar ruwa a alwala abin ƙi ne ko da mutum a bakin kogi yake. Mutane suka gyaɗa kai suka manta kafin su sa takalmi. Audi bai manta ba. Yana zaune a sahu ya ji kamar an buɗe masa taga a cikin kai.

Washegari da azahar ya zo da alwalarsa kamar kullum, amma maimakon ya shige ciki, sai ya tsaya a bakin famfuna ya goya hannu a baya. Wanda ya saki famfo yana zuba yayin da yake naɗe hannun riga, Audi ya matsa ya rufe masa. "Israfi, bawan Allah." Wanda ya wanke ƙafa sau huɗu, Audi na tsaye a kansa. "Uku aka ce, na huɗun na wa ne?" Wa zai yi musu da mai faɗar gaskiya a zamanin da kowa ke tsoron a ce ba ya son Shari'a? Wanda ya fi shan wuyarsa shi ne Mati mahauci, ƙaton mutum mai saurin kunya, wanda ke zuwa daga mahauta da maiƙo har gwiwar hannu, ya buɗe famfo ya yi ta dirza. Audi ya sa shi gaba, kullum a gaban jama'a, har Mati ya koma wanke hannunsa a rumfarsa, ya zo masallaci ya yi alwala da ruwan da bai cika kofin shayi ba. Daga baya Mati ya zama babban almajirinsa a wannan fanni, yana gode masa da ya fitar da shi daga halaka.

Shekaru Audi ya yi a kan wannan aiki, rani da damina, kuma ya iya shi. Ya sa kwamitin masallaci suka toshe rabin famfunan, suka sayo ƙananan butoci. Ya ɗaure bakin sauran da roba don kada su yi ƙarfi. Ya gano inda tanki ke yoyo ya liƙe da hannunsa. Aka fara ce masa Malam. Ana kiran sa walima, ana ba shi wuri kusa da liman. Shi kuwa duk la'asar in ya fito, sai ya leƙa ta bayan katanga ya ga yadda ruwan da a da ke gudu ya koma rarrafe. Komayen Isyaku na ƙasa suka bushe ɗaya bayan ɗaya, har lambun ya koma rabinsa. Ran da Audi ya ga Isyaku yana tuge busasshen karan yakuwa, ya koma gida ya ci tuwo malmala biyu.

Ko a nan ma Isyaku bai ba shi abin da yake so ba. Ya same shi ya ce, "Ubangidana, ka rage mini ruwa, amma wallahi gaskiya ka faɗa. Gara lambu ya ragu da a ce ina cin ɓarnar mutane." Kuma rabin da ya rage ɗin ma ya fi na Audi kasuwa, tunda ganyen ya yi wuyar samu, mata har rige-rige suke yi.

Ana haka wata damina aka yi fama da amai da gudawa a garuruwa da dama. Bayan ta lafa, gwamnatin jiha ta fito da doka a kan ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, inda za a zubar da shi da abin da za a iya yi da shi. Wanda ya kawo dokar unguwarsu wani duba-gari ne mai suna Hafizu, mutum mai haƙuri da ba ya ɗaga murya, ba ya kuma janye magana. Ya tara masu gidaje a ƙofar mai unguwa ya yi musu bayani. Daga yanzu ba gidan da zai saki ruwan wanka ko na wanki a titi. Kowa ya haƙa sokawe a cikin gidansa, wato rami mai rufi da ruwan zai riƙa nutsewa a ciki. Kuma an hana ban ruwan duk wani abin ci da ruwan kwata.

Audi ya ji maganar kamar a mafarki. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, to ruwan masallaci fa? Shi ma ai an yi amfani da shi. Har da majina."

Hafizu ya ce, "Shi doka ta ba shi hanya, Baba, tunda ba sabulu ba bayan gida a cikinsa. Za a gina masa kwalbati mai tsakuwa da yashi da gawayi ya bi ta ciki ya tace. In ya fito, a yi lambu da shi."

Cikin 'yan watanni rariyoyin unguwa suka daina zuba. Gida bayan gida aka haƙa rami, har gidan Audi, don Haulatu ta ce ba za a kai ta kotu a kan ruwan wanke-wanke ba. Kwatar da ta ciyar da kakansa da ubansa ta ƙafe, ƙasanta ya tsattsage. Audi ya gwada sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ya ga kuɗin ruwan ya fi kuɗin ganyen. Ya tsaya a tsakiyar komayensa yana kallon salak na kwanciya. A sama kuwa magina na ta aikin kwalbatin masallaci, yana jin ƙarar shebur ɗinsu.

Bai roƙi Isyaku ba, kuma da zai mutu a wurin ba zai roƙa ba. Isyaku ne ya je da kansa ya samu Hafizu da Liman Sada, ya ce filin nan asalinsa na kaka ɗaya ne, a ja bututu daga kwalbatin zuwa kwarin Audi, a raba ruwan biyu. Hafizu ya ce doka ba ta hana ba, amma da sharaɗi. Ba a ba lambu izini sai ruwansa ya ishe shi, domin an gane mai lambun da ruwa bai isa ba, shi ne ke komawa ya cika da na kwata a ɓoye. Saboda haka sai ya auna abin da masallacin ke fitarwa. Ya kawo duro ya kafa a bakin kwalbatin, ya yi kwanaki yana zuwa yana dubawa.

A kwanakin nan Audi bai tsaya a bakin famfo ba. Ya ce ƙafarsa ke ciwo. Yana zaune daga nesa yana kallon mutane suna alwala, kowa da 'yar butarsa, kowa na tsiyaya ruwa a tafin hannu kamar mai zuba turare. Ba wanda ya saki famfo, ba wanda ya ƙara na huɗu. Ya koyar da su, kuma sun koya.

Ranar da za a faɗi sakamako aka zauna a inuwar darbejiyar ƙofar masallaci bayan la'asar. Hafizu ya ce ya auna, ruwan da ke fita daidai yake da komayen da Isyaku ke nomawa yanzu, ba ragi ba ƙari. In aka raba shi biyu, ba lambun da zai tsaya a cikinsu, kuma ba zai iya ba da izinin na biyu ba. Sannan ya ƙara da cewa abin ya ba shi mamaki, don masallatai masu yawan jama'a irin wannan da ya auna a wasu unguwanni suna fitar da ninkin haka.

Liman Sada ya yi murmushi irin na mai alfahari da nasa. Ya ce, "Ai mu ma da haka muke, Malam Hafizu. Da can ruwan nan har kwari yake gangarawa. Albarkacin wannan bawan Allah ne muka rage rabi." Ya nuna Audi. "Shekara da shekaru yana tsaye a kan ruwan nan, ba a biyan sa ko kwabo. Allah Ya saka masa."

Jama'a suka ce amin. Hafizu ma ya ce amin, har ya ce da ana samun irinsa a kowace unguwa da aikinsu ya yi sauƙi. Audi ya sunkuyar da kai, aka ɗauka tawali'u ne. Lissafin bai da wuya ko ga wanda bai wuce izu biyu ba. Rabin da ya yi shekaru yana korewa daga lambun Isyaku, shi ne rabin da yau za a ja masa a bututu.

Isyaku ya matso kusa da shi bayan an watse, fuskarsa duk damuwa. Ya ce, "Ubangidana, kada ka sa abin a ranka. Ka zo ka ɗauki komi biyu a nawa, ka shuka abin da kake so. Bawa da abin da ya mallaka ai duk na ubangidansa ne."

Audi ya dube shi. Ya so a ce ya ga ko ɗan ƙyallin mugunta a idon mutumin nan, ko ɗan jin daɗi, wani abu dai da zai riƙe ya ƙi shi da hujja. Bai ga komai ba sai tausayi. Ya ce, "Isyaku, na ƙi jininka tun ran da aka ce alayyahun alwala. Don kai na tsaya a famfon nan."

Bai ce bawana ba, kuma muryarsa ba ta wasa ba ce. Isyaku ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "Kai, Audi. Ko a wannan hali sai ka tsokane ni. Gobe dai ka zo da fartanya."

A gida Haulatu ta riga ta ji labari. Ta ajiye masa ruwan sha, sai da ya sha ta ce, "An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ban taɓa jin abin da ke samun wanda ya kore shi ba, sai yau." Ya ɗauki butarsa don ya gangara lambu ya yi alwalar magariba kamar yadda ya saba, ya kai ƙofa ya tsaya. Ba sauran abin da zai zuba wa ruwan a can. Ya ajiye butar.

Ya hau masallaci hannu sake. Karo na farko cikin shekaru masu yawa ya tsuguna a gaban famfo. Ya kwance robar da shi da kansa ya ɗaura, ya murɗa kan famfon har ƙarshe. Ruwa ya ɓarke da ƙarfi, ya cika masa tafi ya zube, ya bi ta kan ƙafafunsa ya nufi kwalbati. A ransa yana cewa in aka koma yadda ake a da, in kowa ya saki hannu, wataƙila Hafizu ya dawo da duronsa ya sake aunawa kafin kwarin ya mutu gaba ɗaya. Ya wanke hannu sau uku, ya bar ruwan na zuba, ya ƙara na huɗu.

Wani ƙaton hannu mai ƙanshin kitse ya zo ta saman kafaɗarsa ya rufe famfon a hankali. Mati mahauci ne. Ya sunkuyo, ya rage murya don kada ya kunyata malaminsa a gaban mutane, ya miƙo masa 'yar butarsa da ruwa bai kai rabi ba.

Ya ce, "Israfi, Malam. Kai ka koya mana."